Ɗaya Cikin Tara Kawu Ne

…to shi ne, ko ba shi ba ne? A'a. Ba haka ake yi ba. Ba a tambayar gilashi ko wane ne. Lamba ta uku ce, lamba ta uku kawai — ki ƙirga abin da kika gani, ki rubuta, ki wuce. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aikin, wai yau nake koya wa kaina yadda ake zama a kujera.

Tire tara Mai Rini, ma'aikacin da ke rina mana gilasai, ya jera min a tebur tun ƙarfe takwas. Mutum tara da suka rasu suka bar mana ƙwaƙwalwarsu don bincike. An yanko kowacce sala-sala, ko ɓawon albasa ya fi su kauri, an rina, an manna a gilashi, kowane tire gilashi shida. Babu suna. Babu shekaru, babu namiji babu mace — lamba kawai, da rubutun nan nasa kamar kaza ta yi tono. Littafin sunayen yana durowarsa a kulle, kuma ko zan shiɗe ba zai buɗe ba sai na gama na sa hannu. Dokar ɗakin nan ke nan. Kuma ɗaya cikin taran nan kai ne, Kawu.

Kai. Yayan mahaifiyata, wanda ya ɗauko ni ina 'yar shekara tara da akwatin ƙarfe bayan rasuwar Baba. Wanda ya ɗora ni a kujerar nan, ya sa min littafi biyu a ƙasa don idona ya kai bakin madubin ƙara girman abu, ya ce duba, ga abin da mutum ke tunani da shi. Shekara talatin kana shugaban wurin nan. Yau wata biyu da binne ka, ga ka a tebur a gabana, ban san a wane tire ba.

Uku. Rumbu — haka kake kiran lungun nan da ke ajiye abin da mutum ya tuna — rumbun ya ɗan zaizaye. Tabo nan da can. Ƙulli kaɗan cikin ƙwayoyin, irin zaren da ya cukurkuɗe. Tsufa ne kawai, duk wanda ya haura saba'in yana da irinsa, ni ma da za a buɗe ni yau… bari dai. Ba rumbu nake nema ba. Mantuwa ai mun ganta, ka manta inda ka ajiye makulli, ka kira jika da sunan ubansa, wannan duk ba sai madubi ya faɗa min ba. Can gaba nake nema, bayan goshi, wurin da kake ce wa mai gadi. Shi ke tare magana a ƙofa kafin ta fita. Idan ciwon ya cinye shi, mutum mai kunya sai ya tuɓe a kasuwa, mai kawaici ya zagi uwar matarsa ko a jikinsa. Na ga irinsu ya fi ɗari. Idan naka mai gadin ya mutu tun kafin ranar nan, to ba kai ba ne ka faɗa. Idan kuwa yana nan da ransa…

Asabar ce. Kowa ya hallara gidanka cin abincin rana kamar yadda aka saba. Inna, matarka, tana zuba miya, Yaya Babba, babban ɗanka, yana ta surutun sabuwar motarsa, jikoki a ƙasa suna rigima kan cokali. Kifi ne. Na miƙa hannu in cire maka ƙaya don na ga hannunka ya fara rawa — sai ka cafke min wuyan hannu. "Hannun nan ni na koya masa riƙe wuƙa," ka ce, "da ni ya fara." Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, na ɗauka tsokanar da ka saba ce. Ka ƙara matsewa. "Wata shida kina gaishe ni da safe, da rana kina tara min hujja. Na riƙe ki a gidana, ban san abin da na riƙe ba."

Kowa ya ajiye cokali. Har jikokin. Inna ta biyo ni bakin famfo ina wanke hannun da bai taɓa komai ba. "Gigin tsufa ne, kada ki sa a ranki." Yaya Babba ma haka, matarsa ma haka, har baban yarana a mota, gigin tsufa ne, ke da kika fi kowa sani. Ni da na fi kowa sani! Kalma biyu, an lulluɓe komai da su kamar yadda ake rufe kwano kada ƙuda ya faɗa. Ni kuwa aikina ke nan duk rayuwata in buɗe kalmomin nan biyu in ga abin da ke ciki, kuma na san ba abu ɗaya ba ne. Na san akwai gigi, akwai kuma tsohon da ya gaji da yin shiru.

Huɗu.

Innalillahi. Wannan kam an yi masa ɓarna. Tun kafin in sa a madubi ma ana gani, naman ya motse, ramuka sun buɗe. Bayan goshi kamar gara ta shiga katako — inda ya kamata in ga ƙwayoyi jere-jere, sai fili, sai ɗaya can, ɗaya can, su ma a kumbure. Babu mai gadi a nan. Ya yi shekara biyar ko shida da tafiya. Duk abin da mai wannan kan ya faɗa, ba shi ya faɗa ba.

Allah ya sa kai ne.

Ji abin da nake roƙo! Ina roƙon Allah ya sa ƙwaƙwalwar mutumin da ya goya ni ta ruɓe, don ni in samu barci. Kunya ma ba ta kama ni ba sai yanzu. Amma idona ya cika, madubin ya yi hazo, ina ta gogewa da gefen riga. Sannu, Kawu. Ashe haka ka sha fama, ashe a nan ciki kake zaune kai kaɗai, mu muna waje muna jin haushi… Dakata. Wa ya ce miki shi ne? Lamba ta huɗu ce. Mai tsanani. Rubuta. Na rubuta shi ya fi sauran girma.

Wata shida. Abin da ya tsaya min a wuya ke nan. Da ɓarauniya ka ce min, ko mayya, da tuni na manta, masu ciwon nan suna faɗin haka kullum, na ji sun faɗa wa 'ya'yan cikinsu. Amma wata shida? Mutumin da bai san ko ya karya kumallo ba, a ina ya samo lissafin? Kuma daidai ne. Ko kwana goma bai kuskure ba.

Ɗigon Farfesa. Haka kowa ke kiransa a lokacin, har a manyan taruka. Ɗan baƙin ɗigo da ka gano cikin ƙwayoyin masu ciwon mantuwa, babu shi a na masu lafiya. Shekara goma sha takwas kana binsa, takarda bayan takarda, ɗalibai nawa suka samu digiri a kansa, ni ma a kansa na samu nawa. Sai ranar nan da aka yi ƙarancin bokiti. Abin dariya, bokiti! Ai sai an jiƙa ƙwaƙwalwa cikin magani mako biyu ta yi tauri kafin a yanka. Na masu lafiya, da mako biyun ya cika ake yanke su, wa ya damu da su. Na masu ciwon kuwa naka ne, ba mai taɓawa, kana ajiye su sai ka samu natsuwa, wata uku, wata biyar, wani lokaci shekara. Ranar nan aka matsa min in sallami bokiti, na yanka ta wani mai ciwo a mako biyu. Babu ɗigo. Na ce kuskurena ne. Na sake da wata, babu. Na ɗauko ta mai lafiya na manta da ita da gangan a bayan kabad wata huɗu — ga ɗigo nan fal, kamar an watsa barkono. Ba ciwo ba ne. Maganin ne ke tsami in ya daɗe, ya bar datti. Tsabar kulawar da kake ba su ce ta haifi ɗigon.

Me ya sa ban faɗa maka a ranar farko ba? Tsoro. To, ban da tsoro fa? Da son in tabbatar. Da me kuma? Ki faɗi gaskiya, ba kowa a ɗakin sai gilasai. Da daɗi. Na ji daɗi. Shekara talatin da biyar ina 'yar Kawu, komai na yi a ce ai gado ne, sai ga abu ɗaya da idona ya gani naka bai gani ba. Ina shigowa da safe in durƙusa in gaishe ka, ka ce Mai Ido an tashi lafiya, in ce lafiya lau, in wuce bayan kabad in duba bokitina.

Da na kawo maka, ka zauna a nan. A nan ɗin nan, kujerar ma ba a sake ba, ga inda fatar ta yage. Awa biyu kana dubawa. Ka ɗago, ka cire tabarau. "Ki rubuta. Kada ki sa sunana." Ka gyara min rubutun da jan biro har sau uku, ka cire duk inda na yi maka sassauci. Washegari ka tara kowa ka kafa doka: daga yau ba mai sanin gilashin wa yake dubawa, ba mai sanin bokitin wa yake yankawa, don ido in ya san mutum ba ya faɗin gaskiya a kansa. A taro ka tashi da kanka ka tafa min. Shekara goma sha huɗu ina ba ɗalibai labarin nan, ina cewa kun ga yadda babban mutum yake. Kada ki sa sunana. Kyauta ce ka yi min, ko tsame hannunka ka yi? Ban taɓa tambayar kaina ba sai ranar kifi.

Biyar. Jijiyoyin jini ne suka toshe, 'yan ƙananan ramuka a can ciki, hawan jini da ba a kula da shi ba. Ba kai ba — kai da ke auna naka safe da yamma kamar ibada. Ga shi na sake! Ba a cewa ba kai ba. Biyar, matsalar jini, rubuta.

Shayi ya huce. Wa ya kawo ma? Waya na ta zuu a aljihu, baban yara ne, wai tayar baya ta sake sacewa, in tsaya wurin mai faci in na taso. Shi ya ce min da safe in bar wa wani likita ya duba gilasan nan. Wa? Likitan da ke bina shekararsa biyu, har yanzu ƙura a kan gilashi tana ba shi tsoro. Shida. Rumbu ya taɓu sosai, gaba ya ɗan taɓu, ba yabo ba fallasa. Irin wanda ake gani kullum. Matsakaici. Mai facin ma ko yana buɗewa har biyar? Sau uku ke nan tayar nan a wata guda, sabuwa ya kamata a saya, mutumin nan in dai abu bai fashe ba ba ya rabuwa da shi. Na shanye shayin haka da sanyinsa.

Bakwai.

Kai. Kai, kai.

Tas. Kyakkyawa. Na daɗe ban ga irinta ba. Tsoho ne ko tsohuwa, ana gani a jijiyoyin, amma ƙwayoyin a jere, a cike, kowacce da idonta. Rumbu da ɗan tabo biyu-uku, wanda zai sa mutum ya nemi makulli, iyakarta ke nan. Bayan goshi kuwa ko ƙwarzane babu. Mai gadi a tsaye ƙyam da sandarsa.  Irin ƙwaƙwalwar da ya kamata ka mallaka ke nan, kai da kake karatu har ranar da ido ya ƙi, kai da ba ka shan komai sai ruwan ɗumi. Mai wannan kan, duk abin da ya faɗa ya auna shi kafin ya faɗa. Ya zaɓi rana. Ya zaɓi tebur, ya jira kowa ya zauna.

To in haka ne, Kawu, ka cuce ni. Shekara goma sha huɗu! Kana cin abincina, kana ɗaukar 'ya'yana a wuya, kana kirana Mai Ido a gaban baƙi, ashe a ciki kana ƙirga min watanni. Me ya hana ka kira ni ofis ka rufe ƙofa ka wanke ni tas, in yi kuka, in ba ka haƙuri, a wuce wurin? Sai a gaban matar Yaya Babba, wadda har gobe in mun haɗu sai ta yi min kallon tausayin nan da na fi tsana. Kuma ɗigon datti ne! Datti ne, ba ni na zuba shi ba! Da in yi shiru mutane su ci gaba da neman magani a kan dattin bokiti? Kai ka koya min, kai ka ce… Na sake jujjuya gilashin, ina neman ko ƙulli ɗaya a gaba, ɗaya tak. Ga wani abu can a gefe. Ƙulli ne? Ninkewar nama ce. Ƙulli ne. Ninkewa ce, kuma kin sani. Minti arba'in a kan tire ɗaya, wuyana ya sage. Babu ciwo. Na rubuta, na ja layi a ƙasa har biron ya huda takardar.

Ban ga lokacin da aka yanka ka ba. Mai Rini ya aike ni gida ranar, shi da ba ya iya ɗaga min murya, ya ce, "Likita, yau ba ki da aiki a nan." Daren jajibirin binne ka kuwa gidan kamar zai tsage. Yaya Babba ya kafe kai da fata, ba za a taɓa masa uba ba, me za a ce wa mutane, an kai shi da kai fanko? Ya nuna ni da yatsa, wai bai ishe ni ba da ransa sai na bi shi da wuƙa. Inna ce ta kashe maganar, ta fito da takardar daga ƙarƙashin kayanta ta ajiye a tebur, hannunsa ne ko ba hannunsa ba? Takardar ka sa mata hannu tun shekara goma da suka wuce, na san da ita. Abin da ban sani ba shi ne layin da ka ƙara a ƙasa da biro. A sa ni a tire tare da kowa, ba suna, ita za ta duba. Da kwanan wata. Wata biyu bayan ranar kifi.

Rubutun a miƙe yake. Ba rawa, ba harafin da ya faɗi. Na kai shi gaban taga na duba kamar gilashi. Mai gigi zai rubuta haka? Wasu suna iyawa, hannu yana daɗewa bai manta ba. To me kake nufi? Ga ni, zo ki ga ba laifina ba ne? Ko kuwa, ga ni, ki ƙarasa abin da kika fara? Duka biyun muryarka ce, ina jinta, har da ɗan tarin da kake yi kafin ka faɗi abin da zai yi zafi.

Takwas, ciwon makyarkyata, baƙin wurin nan na can ƙasa ya koɗe. Tara, mai tsanani amma a rumbu, gaba da sauƙi. Na gama. Ƙarfe biyu da kwata. Ƙafata ta yi tsami, na tashi na zagaya teburin sau biyu kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, na dawo na zauna. Huɗu ko bakwai. In na sa hannu shi ke nan, ba gyara. Na sa.

Mai Rini ya shigo da littafin a hammata, yatsunsa shuɗi da ja kamar kullum, shekara ashirin da bakwai rinin nan bai taɓa fita ba. Bai dube ni ba. Ya duba sa hannun, ya duba agogo, ya rubuta lokaci, sannan ya buɗe, ya juyo min da shi, ya ja da baya ya tsaya bakin ƙofa. Yatsana na bin layi. Huɗu — wata mata ce, malamar makaranta, shekara sittin da ɗaya. Ita na yi wa kuka. Bakwai — direban babbar mota, tamanin da huɗu, ciwon zuciya. Shi na zaga, bawan Allah, ban taɓa ganinsa ba.

"Shida ne, Likita," ya ce a hankali. Ya ja ƙofar.

Shida.

Wace ce shida? Me na gani a shida? Na jawo takardar. Matsakaici. Rubutuna ne, ga da'irar kofin shayi a gefe. Na fara sha biyu saura biyar, na gama sha biyu da minti shida. Minti goma sha ɗaya. Ina tunanin taya. Ka zo gabana, ka kwanta a ƙarƙashin idona, na leƙa cikin kanka lungu-lungu, ban gane ka ba, ko gabana bai faɗi ba. Mai Ido!

Kuma matsakaici. Me matsakaici ke nufi? Ni na tsara ma'aunin nan, ni nake koyar da shi. Yana nufin mai gadi yana nan amma yana gyangyaɗi. Wata rana ya tare, wata rana a wuce shi. Na ga masu irin wannan da suka mutu da hankalinsu garau suna raba wa 'ya'ya wasiyya, na ga waɗanda ba su san matansu ba. Wannan kuma yau ne, ranar mutuwa. Ranar kifi shekara uku baya ce, lokacin bai kai haka ba — rabin haka? Kashi ɗaya cikin uku? Gilashi ba ya nuna ranar Asabar. Babu rinin da ke fito da ita. Ko da ma ya nuna, ko da a ce gyangyaɗi ya ɗauke shi a daidai lokacin, maganar da ta fito ai a ciki take zaune tun da can, ba daga kifin ta fito ba… ko kuwa? Wasu ciwon ke ƙaga musu. Amma ciwo ya ƙaga wata shida?

Na mayar da gilashin. Bayan goshi. Yanzu da na san kai ne, ga ƙulli ko'ina, ga fili, ai wannan ya kusa mai tsanani, ya aka yi na ce matsakaici? Na lumshe ido na buɗe. Ga ƙwayoyi lafiya lau a jere, ai wannan sauƙi ne ma. Na matsa gefe, ya lalace. Na dawo, ya warke. Gilashi ɗaya. Dama ɗaya ce aka ba ni in gan ka da idon gaskiya, na kuwa riga na yi amfani da ita.

Waya. Inna. Ta san yau ne, Mai Rini ba ya iya ɓoye mata komai. In ɗauka? Me zan ce — matsakaici? Za ta tambaye ni shi ne ko ciwon ne, ita da ta ce gigin tsufa, ita ma ai tana da nata maganganun da ta haɗiye a ɗakinku shekara uku. Na ɗauka. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi, Inna."

"To madalla. Kun gaisa ke nan." Na ji tana gyara zama, kujerar nan mai ƙara. "Kullum Asabar sai ya sa an ajiye miki faranti. Da ya ga dai ba za ki zo ba, ya ce min to shi zai je."

Ban san me na ce ba. Wayar tana kan tebur, ta yi duhu.

Aiki ne ya yi yawa. Haka na ce wa kowa. Ai ban yar da kai ba, ni nake zaɓa maka magani, ni nake kiran likitanka, ina aika baban yara da kaya duk wata, ina tambayar Inna ta waya yaya barci, yaya cin abinci, yana gane mutane? Kamar mai cike fom. Sau biyu na zo har bakin layinku, na ga motar Yaya Babba, na juya. Sau ɗaya babu motar kowa, na juya. Na ce sai na huce. Na ce ai ba zai gane ni ba. Na ce — a'a, ban ce ba, amma na sani, can ƙasa na sani — akwai takarda, wata rana zai zo tebur, in duba da kaina ba sai na tambaya ba.

Minti ashirin ne a mota daga ƙofar nan zuwa taka. Asabar ɗari da hamsin da wani abu. Kana zaune a falo da bakinka, da harshenka, wata ranar a gigice, wata ranar garau — Inna ta sha faɗa min, yau ya tashi garau, ya karanta jarida. Da na shigo a irin ranar, na durƙusa, na ce Kawu, maganar nan da gaske kake? Ko zagi ne da na samu. Ko ka ce wace magana. Ko ka ce e, da gaske nake, zauna mu ci abinci.

Wannan ba shi da baki. Sala shida ne, ja da shuɗi, na ɗaga ɗaya a hasken taga ina ganin bishiyar waje ta cikinsa. Kawu… Kawu, da gaske kake?

Ana ta tura keken bokitai a baranda. Wuyana ciwo yake. Ya kamata in mayar da kai tire, in rufe, in miƙa wa Mai Rini ya kai kabad tare da sauran — yanzu, bari in ɗan zauna tukuna.